CIWON DAJI: JINKIRINMU NE KE KASHE IYAYENMU MATA

Jawabin da wani ɗan uwa mai aikin sa kai ya gabatar wa matasa a Maƙarfi.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa tsarkaka da sahabbansa zaɓaɓɓu. 

An ce in yi magana a kan ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara. Ni ba likita ba ne, mai rakiyar marasa lafiya ne. Amma abin da mai rakiya ya gani a kan bencin asibiti, shi ma wajibi ne ya faɗe shi.

Wata gwaggona ta ji ƙullutu a nononta, ba ya ciwo, sai ta yi shiru. Da ya girma aka ce mata daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura ko wuƙa fusata yake yi. Aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, aka sayar da akuya, aka jinginar da gonar rake. Sai da wurin ya fashe yana wari sannan muka ɗauke ta zuwa asibiti. Likita ya dube mu ya ce, ina kuke tun bara? Wallahi ba mu da amsa. Allah Ya jiƙanta.

'Yan uwa, wannan ba labarin gidanmu kaɗai ba ne. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na shekarar 2022 ya nuna mutum sama da 127,000 ne suka kamu a Nijeriya a shekara guda, sama da 79,000 suka rasu. Waɗanda suka fi yawa su ne na nono, da na mafitsarar maza, da na bakin mahaifa.

To, me ya sa ake cewa ba ya son ƙarfe? Saboda ba a kai mutum sai ciwon ya riga ya bazu a jiki. In aka yi aiki ya rasu, sai a ce wuƙa ce ta kashe shi, alhali jinkiri ne. Daji tsokar jiki ce da ke tofo ba bisa ƙa'ida ba. Tun tana wuri guda ana iya cire ta, mutum ya rayu da izinin Allah.

Mu mutanen Maƙarfi da Ikara da Kudan ba mu da uzurin nisa irin na wasu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashe na musamman na wannan ciwo, mutane na zuwa masa daga jihohi masu nisa, mu kuwa sammako ɗaya ya kai mu. Yana kuma cikin asibitoci 6 da aka fara asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar nono, bakin mahaifa da mafitsara a 2021. Amma wace tsohuwa ce a ƙauye ta san da wannan? Wa zai cike mata takarda? Wa zai nuna mata ɗakin gwaji?

Haƙiƙa akwai zalunci a tsarin da mai kuɗi zai hau jirgi zuwa Indiya ko Masar, talaka kuwa ya rasa kuɗin mota zuwa Zariya. Wannan za mu ci gaba da faɗinsa. Sai dai faɗin bai sauke mana namu taklifin ba. Ga abin da ke wuyanmu.

Na farko, mu kai magana gida. Kunya ba za ta bar ka ka yi wa mahaifiyarka zancen nono ba, to ka gaya wa matarka ko yayarka ko malamar Islamiyya su isar. Ƙullutu a nono ko hammata, jini bayan an daina al'ada, gyambon da ya ƙi warkewa, wahalar fitsari ga dattijo, ramar da ba dalili, duk a je babban asibiti mafi kusa, a Maƙarfi ko Ikara ko Hunƙuyi, cikin makon nan. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, gwaji ne ke bambancewa.

Na biyu, rakiya. Kowace unguwa ta ware 'yan uwa biyu da suka san hanyar Shika, daga yankar kati har karɓar sakamako. Maganin yakan ɗauki watanni, da yawa a tsakiya suke yankewa. Mu riƙe ranakun komawa a rubuce.

Na uku, asusu da jini. In aka sayar da rake ko tumatir, a cire wani abu don kuɗin mota da gwaji. Masu lafiya kuma su ba da jini, kada a bar raunana suna saye.

Na huɗu, rigakafi. Tun 2024 allurar kariya daga cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa ta iso Jihar Kaduna, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Mai shakka ya tambayi likitan da ya amince da shi, kada ya tsaya ga jita-jita. Haka allurar ciwon hanta da ake yi wa jariri da zarar an haife shi, tana kare shi daga sankarar hanta. Mu manoma kuma mu busar da masara da gyaɗa sosai, domin fumfunar da ke kama su tana da dafin da ke lalata hanta. Taba kuwa, a bar ta.

'Yan uwa, addu'a ba ta hana neman magani, tawakkali ba zaman jira ba ne. Wanda ke da'awar tsayawa tare da raunana, to ga raunana nan a ɗakin mahaifiyarsa. Kowa ya koma gida yau ya tambaya, ko akwai mai ɓoye wani ciwo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.