Bashin da Muke Bin Mutane

 Yau da ƙungiyarmu ta ƙara shekara, mu waiwayi bashin da muke bin mutane. Albasar Galmi da muka bayar bashi a kasuwar Adjen Kotoku, sai kuɗinta ya shigo hannu za mu iya komawa Nijar saro wata. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin ɗari. Wanda bashinsa ya shekara a waje, sidin da ya karɓa bai maido masa da uwar kuɗinsa a sefa ba. Saboda haka mu rubuta suna, adadi, irin kuɗin da ranar biya, kamar yadda Suratul Baƙara ta yi umarni a rubuta bashi.