Babban hutu: tafiya gida da aikin hannu

(Jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal na ƙungiyarmu ya yi a taron wata, a Yamai)

  

An ce in yi bayani bisa babban hutu, wanda mu mutanen lakwal muke ce ma bakansi. Ƙarshen watan Yuni za a rufe azuzuwa, ba za a buɗe ba sai Oktoba. Wata 3 ke nan cur, kwana 90 da ɗoriya. Maganata ta fi shafar magidanta irina, masu ɗiya 2 ko 3 ko 4, waɗanda aka haifa ma yara nan birni cikin ɗakin haya. Ina yaran nan za su yi kwanakin nan 90? Kuma mi hannunsu zai taɓa a ciki?

Ni da nike tsaye gaban tablo kowace shekara, ranar da aka koma ba sai an gaya mani wanda ya je ƙauye da wanda ya zauna birni ba. Wanda ya je ƙauye ya yi baƙi, ƙafarshi ta yi kaushi, amma bakinshi cike yake da labari. Ka ce ya rubuta abin da ya gani, sai ya cika shafi guda na kaye. Wanda ya zauna kuwa, wata 3 yana tsakanin bakin titi da salular uwarshi, ka tambaye shi mi ya yi, ya ce ba komi. Kuma gaskiya ya faɗa. Cikin ɗiyanmu akwai waɗanda muryar kakarsu kaɗai suka sani, ta waya. Akwai waɗanda in an ce masu rumbu, sai su tambaya mine ne.

To, na farko dai a kai su gida. Hanyar kanta karatu ce, in uba bai kama barci ba tun daga tasha. Daga Yamai zuwa Maradi wajen kilomita 660 ne. Za a bi ta Kure, inda mai sa'a kan hangi raƙumin dawa daga cikin mota. Sai Doso, sai Dogon Dutsi, sai Birnin Ƙonni. A nuna ma yaro masana'antar siminti ta Malbaza, a gaya mashi albasar da uwarshi ke yankawa kullum sunan Galmi take ɗauke da shi. A Madawa ya ga tabarmi, a Gidan Rumji ya san an shigo ƙasar Maradi. Daga Maradi sai Cadawa, a karkata arewa zuwa Mayahi, sauran kuma kun fi ni sani. Ni nakan ba babbar ɗiyata kaye da bik, ta rubuta sunan kowane gari da lokacin da muka wuce shi. Da ta zo aji inda ake koya masu taswirar ƙasa, ba ta sha wuya ba.

Amma akwai wata magana da iyayenmu na gida ba za su faɗa ba saboda kunya, bari in faɗe ta a madadinsu. Hutun lakwal yana faɗawa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Watan Agusta tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Wanda ya turo mata da yara 4 a wannan lokaci da ledar biredi da sabulu 2, ba ziyara ya aiko ba, nauyi ya aiko. Tsohuwa za ta karɓe su da murna, ta hana ma kanta hura ta ba jikoki, ba wanda zai ji. Saboda haka buhu shi riga yara isa gida: hatsi, ko masara, ko shinkafa, gwargwadon ƙarfin mutum. Wanda ba shi da halin wata 3, shi yi sati 3.

Sai batun sauro. Damina lokacin masassara ce, ita kuwa ba ta san ɗan birni ba. Kowane yaro shi tafi da sangenshi, a ɗaura shi tun daren farko. In ma'aikatan likita sun zagayo da maganin rigakafin masassara da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata cikin damina, a fito da baƙi su ma su sha. In jikin yaro ya yi zafi a kai shi likita ran nan, kada a jira uban shi aiko daga Yamai. Kuma a tafi da wuri, farkon Yuli, kafin marka ta kankama. Ba mu manta da 2024 ba, shekarar da ruwa ya rushe gidaje ya yanke hanyoyi, ƙasar Maradi na cikin inda abin ya fi muni, har aka ɗaga komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba.

Yanzu in zo ga abin da ya fi damuna, wato aikin hannu.

Mai ɗakina tana da keken ɗinki na hannu, tsoho, irin na Butterfly. Ba shi son lantarki, ba shi son komi sai ɗigon mai da allura. Duk hutu mukan kwance kan, mu naɗe shi da zane cikin kwali, shi tafi tare da mu. Da safe kowa na gona. Da azahar, ko ranar da ruwa ya hana fita, sai ta ɗora shi bisa akwati cikin rumfa. Kayan da yaranmu ke komawa lakwal da su, can ake ɗinka su.

Ku bari in yi maku lissafi, tun da shi ne sana'ata. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato zane 3, kowane yadi kuwa santimita 91 ne da ɗan kai. Mace mai lura, in ta fidda zane da riga nata, ba ta rasa abin da za ta yi ma ƙaramar yarinya riga da kallabi. Ƙyallayen da suka rage, waɗanda a shagon tela shara ake yi da su, in an tara an haɗa su sukan zama zanen rufa na jariri, ko rigar matashi. Wandon babba guda na gwanjo, in ƙafafun na da faɗi, gajeren wando 2 na yara ke fita cikinshi. Tsohon wando mai kauri da gwiwa ta mutu, a yanke ƙafa guda, a rufe gindin, a sa mashi hannu, ga jakar lakwal wadda ta fi ta roba ta kasuwa ƙarko. Ta kasuwar, kun sani, zif ɗinta ba ya kai hutun Disamba.

Kada teloli da ke zaune nan su harare ni. Babbar riga da kayan salla naku ne, ba mai ƙwace maku. Abin da nike faɗi shi ne maho, da kalmasa, da maɓalli, da ɗan wandon yaro, bai kamata su fidda kuɗi daga gida ba. Mun dai ga yadda ta kasance daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, da iyaka da Najeriya ke rufe, kayan Kantin Kwari na Kano suka yi wuyar isowa. Gidan da ke da allura ya lallaɓa tsohon kaya ya wuce. Gidan da babu ya ci bashi.

Kuma kada a ce wannan sha'anin mata ne. A ƙasar Hausa tun kaka da kakanni ɗinki sana'ar maza ce. Wa ke ɗinkin hula? Wa ke yi ma riga aiki a wuya? Malamai ne da almajiransu, zaune cikin zaure. Ban san ranar da allura ta zama abin kunya ga ɗa namiji ba. Yaro ɗan shekara 8 ya isa shi sa zare cikin allura shi maida maɓallin taguwarshi. Ɗan shekara 10 ya isa shi juya keke. A fara mashi da takarda, ba zare, shi bi layin kaye da allura har hannu shi miƙe, sannan a ba shi tsumma.

Wannan abin da muke kaiwa gida ke nan daga birni. Abin da za mu tarar can ya fi shi yawa.

Mu mutanen Gulbin Kaba ne, sunan ma ya faɗi arzikinmu. Kaba ita ce tabarmarmu, ita ce faifai da mafici da igiya da ragaya. A yanko ta, a shanya, a tsaga, a jiƙa ta yi laushi, wadda ake son ja a rina ta da karan dafi. Tabarma kitsa ta ake yi doguwa kamar ɗamara, sannan a bi a haɗa gefe da gefe. Faifai kuwa daga cibiya ake farawa, ana naɗawa ana ɗinkewa, zagaye bisa zagaye. Ku ƙirga da kanku, cikin gidanku na ƙauye mata nawa suka rage da suka iya faifai mai zane, irin wanda ake jera ma amarya? Ku ƙirga kuma shekarunsu. Tabarmar roba ta shigo, ta fi araha, ban musa ba. Amma ranar da tsofaffin nan suka kau, babu littafin da za a buɗe a koyo. Abin a yatsunsu yake. Kuma ba su da lokacin da jikoki ke zama kusa da su sai wannan hutu.

Na lura da wani abu a gidanmu. Tun da keke ya fara zuwa, rumfar ta zama wurin zama. Matan ƙauye na kawo tsummansu, mai ɗakina na nuna masu awo da yanka. Su kuma tsofaffi na jawo yara, wannan ta miƙa ma yarinya kaba, wancan tsoho ya zaunar da yaro yana koya mashi tufkar igiya bisa cinya. Da can matar birni baƙuwa ce, a shimfiɗa mata tabarma a bar ta da salula. Yanzu tana da abin bayarwa, tana da abin karɓa, tsegumi ma ya ragu.

Na san abin da wasu ke cewa a zuci: mun sa su lakwal don su zama ma'aikata, ba masu saƙar tabarma ba. Ni ma haka nike fata ga nawa. Sai dai ku ji daga bakin mai koyarwa. Yarinyar da ta yi faifai ta san tsakiyar da'ira da faɗinta tun ban zana ta da alli ba. Yaron da ya auna ƙugu da mita, ya ninka ƙyalle biyu, ya ninka huɗu, ya riga ya san rabi da rubu'i, ni suna kawai nike ba shi. Wanda ya ƙera motar kara ya gane dalilin da ya sa ƙafafu 4 sai sun zo daidai. Kuma yaron da ya saba zama awa guda bisa aiki ɗaya har shi ƙare shi, shi ne ke iya zama bisa jarrabawa. Ban da wannan, dukanmu nan mun san masu takardar digiri da ke zaune gida suna jiran kira. Ku shiga gidan tarihi na Bubu Hama, ko ƙauyen masu sana'a na Wadata, ku ga dukawa da masaƙa da maƙera na ci da iyalinsu da hannu. Fatar jar akuyar Maradi har ƙasashen Turai an san ta.

Ga iyayenmu dattawa ina da roƙo 2, a gafarce ni. Na ɗaya, yaran nan koyo suka zo, ba ƙodago ba. Su je gona, su riƙe hauya, su kai abinci, su san zafin rana, wannan daidai ne. Amma a bar masu la'asar. Na biyu ya fi nauyi. Duk yarinyar da aka kawo hutu, a maido ta. Kowace shekara, a lakwal-lakwal da dama, akwai bencin da kan zauna wayam ran komawa, a tambaya a ce tana ƙauye, goggonta ta riƙe ta, ko an ba da ita. Wannan na cikin abin da ke sa wasu iyaye mata ƙin tura ɗiyansu gida sam. In ana son jikoki su riƙa zuwa, sai uwa ta tabbata za ta ga ɗiyarta tsakiyar Satumba.

Wani abu kuma game da kabar kanta. In ana yanke ta tun tana ƙasa, shekara da shekaru, ba ta samun tashi ta zama goriba. Tsofaffi sun ce da can gulbin ya fi haka duhu. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, tana samun yara a gida. Kowane yaro a nuna mashi tushen kaba guda cikin gonar gidansu, a kewaye shi da ƙaya, a ce wannan naka ne, ba mai yanka. Baɗi shi zo shi auna shi.

Abin da nike kawowa gaban ƙungiya shi ne wannan. Masu niyyar tafiya su haɗu rana ɗaya, mota ɗaya, tafiyar rana, da namiji babba 1 ko 2 a ciki, tun da yawancinmu aiki ba zai sake mu ba sai daga baya. In asusu zai iya, a sayi keken hannu guda, ko tsoho ne, a bar shi can hannun matan gari, don kada ɗinki shi tsaya ranar da muka juyo. A taron Oktoba kuma kowane yaro shi zo da abin da ya yi da hannunshi, ko igiya ce taki 3, a shimfiɗa nan gaban dattawa su duba.

Magatakarda na da takarda, masu tafiya su ba da suna da yawan yara kafin Lahadi mai zuwa. Wadda kuma ke da mataccen keke ƙarƙashin gado ta fito da shi, akwai mai gyara cikinmu, ya ce ba ya karɓar ko dala sai kuɗin abin da aka canza.