Filin Amsa Wasiƙu: Sai An Yi Amshi Ake Zama Makaɗi

Wasiƙar yau ta fito ne daga wani manomin shinkafa da ke wani ƙauye a bakin fadama, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ga abin da ya ce:

"Ina da yaro ɗan shekara 17. Allah ya ba shi murya, in munka tafi gayya shi ka ba da waƙa samari na amsawa. Yanzu ya ce gona ta ishe shi, kiɗi za shi bi, har yana son in sai da buhu 5 na shinkafa ya sayi kayan kiɗi, ya tara yara ya zama shugabansu. Mu ko ba mu gaji kiɗi ba. Shin akwai makarantar da ake koyon wannan abu? Kuma sana'a ce ta riƙon iyali, ko ko lalacewa ce?"

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Amsarmu a taƙaice ita ce, kada ka taɓa shinkafar nan tukuna. Amma ka gyara zama ka ji dalili, in yaron yana kusa ka kira shi ya zauna, don da shi muke.

Da farko bari mu duba yadda ƙungiyar makaɗan fada take a wannan yanki namu. Akwai shi makaɗin, wato jagora, mai ƙulla waƙa. Akwai 'yan amshi, waɗanda wasu ke kira 'yan karɓi, sau da yawa kuma su ne ke riƙe da kotso ko taushi suna kaɗawa suna amsawa. Akwai sanƙira, mai shiga tsakani yana kirari, yana faɗin wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar. Akwai kuma Daudun kiɗi, wato mataimakin jagora, wanda ke riƙe ƙungiya in maigida ba ya nan. Kowace waƙa tana da gindi, shi ne abin da ake komawa gare shi kullum, tana kuma da ɗiya, su ne jagora ke jerowa ɗaya bayan ɗaya. A waƙar fada ta ƙasashen Sakkwato da Zamfara da Kabi, aikin ɗan amshi ya wuce maimaita gindi. Jagora kan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, su kuma su cafe su ƙarasa. Wannan shi ake kira ƙari. Ka ga ke nan duk wanda bai haddace waƙar daga kai har ƙafa ba, ba shi da wurin tsayawa a bayan makaɗi.

To yaya ake koyo? Makarantar ita ce gidan makaɗin kansa. Yaro kan fara da ɗaukar kaya da shimfiɗa tabarma da kula da ganguna. Nan zai san yadda ake ɗaure tsirkiya, da yadda fata ke saki in ta sha raɓa. Yana nan yana saurare har kiɗan ya zauna masa a kunne. Daga nan a ba shi ƙaramin abin kiɗa, a sa shi a ƙarshen sahu yana amsa gindi kawai. In an ga muryarsa ba ta kauce wa ta 'yan'uwa, sai a bar shi ya shiga ƙari. Sabuwar waƙa kuwa a gida ake yin ta, yawanci da dare, jagora ya kawo, yara su yi ta bita har ta kama bakin kowa, kana a kai ta gaban sarki. Wannan tafiya ba ta damina ɗaya ko biyu ba ce, shekaru take ci.

Ɗauki misalin marigayi Alhaji Musa Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991. A gidan kiɗi aka haife shi, mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kuma tun yana ƙarami yake bin sa yana amshi. Sunan ma da duniya ta san shi da shi, daga wani yaron mahaifinsa ne mai zaƙin murya da ake kira Kwairo. Da mahaifin ya rasu, wansa Kurna aka ba ragamar gida, shi Musa ya zauna a matsayin Daudun kiɗi. Mutumin da daga baya ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ke nan, ya yi haƙurin tsayawa a bayan wani. Nan kusa da kai ma, Aliyu Ɗandawo, mutumin Shuni ta ƙasar Sakkwato, ya zauna Argungu yana yi wa Sarakunan Kabi waƙa kafin ya koma Yawuri, ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo kuma ya gaje shi ya riƙe gidan.

Za ka ce ai waɗannan gado suka yi, ku kuwa ba ku gada ba. Gaskiya ne, amma rashin gado ba ya rufe ƙofa. Alhaji Mamman Shata na Musawa bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ba. Sai dai kafin ya yi suna ya daɗe yana waƙa a dandali da kasuwanni, yana tallar goro da alewa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, ya rasu a 1999. Shi ma ba rana ɗaya ya kwana ya tashi Shata ba.

Bayan murya akwai ilmi. Makaɗin fada sai ya san asalin gidan da yake yi wa waƙa. In a Argungu ne, sai ya san Kanta na Surame, ya san Yakubu Nabame, ya san Sama'ila wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915. In fadar Sarkin Gwandu ya zo a Birnin Kebbi, sai ya san zuriyar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Ya kuma san cewa Kabawa sun daɗe suna yaƙi da Gwandu da Sakkwato, kuma ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934 ita ce aka yi wa bikin kamun kifin da ya zama na duniya a yau. Wanda bai san wannan ba, wata rana zai ɗauki kirarin wani gida ya kai wani gida, ya jawo wa kansa da yaransa kunya a bainar jama'a. Gidan tarihi na Kanta yana nan cikin Argungu, yaronka ya je ya gani, ya kuma zauna da tsofaffi ya yi tambaya.

Batun makaranta irin ta boko kuwa, akwai ta. Turawa suna da manyan makarantun kiɗa, inda ake koyon rubuta sauti a takarda da karanta shi kamar yadda ake karanta wasiƙa. Mai jagorancin taron mawaƙa a can yakan raba su kashi 4 gwargwadon kauri da sirantar murya, ya tsaya gabansu yana ba da umurni da hannu. A Nijeriya ma Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen koyar da kiɗa tun 1961. Amma ko a wannan hanya daga sahu ake farawa. Fela Sowande, Bayarabe da aka haifa a Abekuta a 1905, yana yaro cikin mawaƙan babban cocin Ikko ya fara. Ya tafi Landan a 1934, ya yi karatu mai zurfi, kana ya zama mai jagorancin mawaƙa a can. Ka ga da mu da su duk tafiyar ɗaya ce, sai ka iya bi kafin a bi ka.

Saura tambayarka ta biyu, ko ana riƙe iyali da ita. Ba za mu ɓoye maka ba, sana'a ce mai faɗi-tashi. Makaɗan da suna da ubangida mai ba su hatsi da riga da doki, wani lokaci har gida. Yau sarakuna ba su da irin wancan hali, samu ya koma wajen biki da naɗin sarauta da lokacin siyasa, shi kuwa lokacin siyasa yakan zo ya wuce. Ga kuma samari da ke shiga situdiyo da fiyano, na'ura ta yi musu aikin 'yan amshi. Sa'an nan shugaba shi ke da ɗawainiya. Duk abin da aka samu shi zai raba, kowa gwargwadon matsayinsa, ranar da ba a samu ba kuma shi zai ciyar. Makaɗin da ba ya adalci wajen rabo, da sannu zai waiga ya ga ba kowa a bayansa. Yaro ɗan shekara 17 da bai taɓa riƙe gida ba, da me zai riƙe mutum 6 ko 7? Kuma ka san yadda wasu mutanenmu ke kallon roƙo, har wajen neman aure. Wannan ma a faɗa masa tun yanzu, ya shiga da saninsa.

Saboda haka ga shawararmu. Kada ka kore shi, kada kuma ka sayar da shinkafa. Ka nemi makaɗi dattijo mai mutunci a Argungu ko Birnin Kebbi ko wani gari na kusa, ka bincika halinsa da na yaransa, musamman batun shaye-shaye da salla. In ka gamsu, ka kai yaron da hannunka ka ba da amana. Ku yi sharaɗi cewa damina ta gona ce, in an kai amfani gida ya tafi amshi. Makaɗan da ma akasarinsu manoma ne, da yawansu da waƙar noma suka fara, irin wadda ɗanka ke yi a gayya. Karatunsa ma kada ya yanke. In ya yi shekara 3 yana ɗaukar kotson wani bai gaji ba, maigidan da kansa zai zo ya gaya maka abin da ya gani. In kuwa ɗoki ne na ƙuruciya, zai dawo da ƙafarsa, ya tarar da gona tana nan, shinkafarka ma tana rumbu.

Kai kuma samari, in kana ji, wannan ba hana ka aka yi ba. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya yi maka albarka, ya ba mahaifinka haƙurin zama da kai.

Masu sauraro, nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko da wasiƙarsa, ya rubuta sunan garinsu sosai yadda za mu iya karantawa. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.