Alton Ellis, Mawaƙin da Ya Ƙi Yi wa 'Yan Daba Kirari



Yau za mu yi magana a kan Alton Ellis, mutumin Jamaika, wanda aka haifa a Kingston cikin 1938. A unguwar talakawa ta Trenchtown ya tashi, ya fara yin faifai wurin Coxsone Dodd, daga bisani ya koma wurin Duke Reid.

Bayan Jamaika ta sami mulkin kai a 1962, samari suka cika birni, aiki kuwa babu. Da yawansu suka zama 'yan daba, suna ta da fitina a wuraren rawa. Mawaƙa da dama suka shiga yi musu kirari, domin nan kasuwa take. Ellis ya ƙi. A 1965 ya fitar da Dance Crasher, sannan Cry Tough, yana jan kunnensu. Da suka yi masa barazana, sai ya karkata ga waƙoƙin soyayya, amma bai yabe su ba.

A wannan zamani ne kiɗan ska mai sauri ya lafa ya zama rokstedi, wanda ya haifi rege, Ellis kuwa shi ne jigonsa. Duk da haka ribar faifansa ta tsaya hannun masu kamfani. Ya ƙaura Ingila a farkon shekarun 1970, ya rasu a Landan cikin 2008.

Jama'a, gobe mu ne a ofis, kuma za a so mu yabi mai ƙarfi don mu ci abinci. Ran nan mu tuna da Ellis.