Baƙin Maraɗi da masu koya musu karatu

A shekarar 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, suna gudun 'yan bindiga. Tun kafin motocin agaji su iso, mutanen ƙauyukan yankin Gidan Rumji ne suka tarbe su, suka ba su ɗaki, suka buɗe musu rumbu. Daga baya Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da wasu Garin Kaka da Cadakori, nesa da bakin iyaka.

Harshe ɗaya, addini ɗaya, amma takarda daban. Katin rajista da na asibiti da Faransanci ake cika su, kuɗi kuma sefa ne. Yaron da ya fara firamare da Turancin Ingilishi sai ya tarar da lakwal tamkar bai taɓa shiga aji ba. Uwarsa kuwa sai ta nemi mai karanta mata ranar da za ta mayar da jariri rigakafi.

A nan ne malamin sa-kai yake da rana. Ɗalibin da ya gama sakandare, ko malamin da ya yi ritaya, in ya ba da awa guda bayan la'asar, ya wadatar a fara. Kuma kada a raina ajami, domin wanda ya yi allo ya riga ya san riƙon alƙalami, daga nan ya kamata a ɗora masa boko.

Roƙona ga masu gari da ƙungiyoyin agaji shi ne su sama wa waɗannan malamai alli da littattafai da rumfa, ajin mata kuma a sa shi lokacin da suka sauke girki.