Hanyar Dutsen Mambila: Jawabi Ga 'Ya'yan Ƙungiya Mazauna Birane



An nemi in yi magana a kan hanyar da ta haɗa mu da gida, domin da yawa daga cikin 'ya'yanku da aka haifa a Kaduna da Abuja sunanta kawai suke ji.

Matafiyi in ya bar Jalingo ya wuce Bali, sai garuruwa su fara nisa da juna. A Serti zai iske hedkwatar gandun dajin Gashaka Gumti, mafi girma a Nijeriya, wanda aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba. A yankinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, babu kamarsa a ƙasar nan.

Amma ainihin tafiyar daga Mayo Selbe take farawa. Nan hanya ke kama jikin dutse tana murɗewa, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya, direba ba ya barin ƙaramin giya. Hira takan mutu a mota. Da an kai bisa sai zafi ya yanke, a shiga neman rigar sanyi. Tuddai ne kore shar iya ganin ido, shanun Fulani a warwatse, ga gonakin shayi na Kakara. Akan yi tafiya mai nisa tsakanin Maisamari da Nguroje ba a ga kowa ba sai makiyayi a cikin hazo, har a isa Gembu.

Ku gaya wa yaranku cewa sai a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama, wannan yanki ya zaɓi zama cikin Nijeriya. Daga nan sunan Sardauna ya samo asali a wurinmu.

To, wannan hanya guda ita ce numfashinmu. Ta nan mara lafiya ke sauka, ta nan man fetur da taki ke hawa, shi ya sa komai ya fi tsada a bisa. In damina ta zaftare gefenta, an rufe mu ke nan. An shafe shekaru ana yi mana albishir da madatsar wutar Mambila, har aka rattaba hannu a kwangilar megawat 3,050 a 2017. Ni dai a ganina, gyaran hanya ya kamata ya riga ta.

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya sa batun hanyar a kan gaba cikin takardar da za a kai wa wakilanmu, kuma kowane reshe ya shirya mota guda ta kawo yara gida a hutun Disamba, lokacin da ruwa ya ɗauke.