Jawabin Ƙaddamar da Asusun Makarantar Garinmu a Soundview

 

Mai girma uban taro, malamanmu limamai, masu riƙe da sarautun al'ummarmu a wannan birni, iyayenmu mata da tun asuba suke fama da tukwane saboda wannan zama, 'yan'uwanmu na Nijar da Gana da suka amsa gayyata duk da ba garinsu ba ne, matasa da yara, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na san da yawanku daga wurin aiki kuka wuto nan. Wasu sun ajiye tasi a gefen Westchester Avenue, wasu sun sauko daga jirgi mai lamba 6 a tashar Morrison, wasu kuma aikin dare na jiransu. Allah ya saka wa kowa da alheri, ba zan riƙe ku da yawa ba.

Abin da ya tara mu shi ne sabuwar makarantar firamare ta garinmu, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, a bakin dajin Yankari. Saboda baƙinmu, bari in faɗi inda muka fito. An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Akwai giwaye, da ɓauna, da gwanki, da dorina a kogin Gaji. Amma abin da ya fi jan mutane shi ne Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, haka za ka same shi. Kimanin lita miliyan 21 yake zubarwa kowace rana. Ruwa ne garai-garai, kana tsaye a ciki har ƙirji kana hango yatsun ƙafarka a kan farin yashi, birai kuma suna saman bishiya suna jiran ka ajiye ledar burodinka ka juya baya. Daga Legas ake zuwa, daga Abuja, daga Turai, wasu don hutu, wasu don sun ji an ce yana sassauta ciwon gaɓɓai.

To ku tambayi yaran garinmu mutum nawa ne a cikinsu ya taɓa tsoma ƙafa a ruwan nan. Daga ƙofar shiga da ke Mainamaji zuwa sansanin Wikki ya fi kilomita 40, sai da mota, sai da kuɗin shiga. Yaronmu ƙurar motocin baƙi kawai yake gani. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Abin da yaron ya sani game da Yankari daban ne, kuma ya san shi fiye da kowane baƙo. Idan dawa da masara suka fara nuna, giwaye kan fito daga daji da dare. Garke guda yana iya gamawa da gonar mutum kafin kiran assalatu. Don haka magidanta da 'ya'yansu maza suke kwana a gona, a kan rumfa, da tocila da gwangwani da wuta a gefe. In an ji ƙarar karyewar reshe sai a tashi da ihu da kiɗan gwangwani, gona ta amsa wa gona, har Allah ya sa su juya. Yaro ɗan shekara goma a garinmu yana duba sawu ya gaya maka uwa ce da ɗanta, kuma jiya da magariba suka wuce. Ya san ciyawar da gwanki ke so, ya san lokacin da rafi zai kawo. Amma ranar da aka zo ɗaukar ma'aikatan gandun daji, ko masu yi wa baƙi jagora zuwa kogunan Marshall da rijiyoyin Dukkey, ko mai riƙe littafin masauki, takarda ake tambaya. Sai a kawo wani daga nesa, wanda bai taɓa jin kukan giwa ba, namu kuwa ya tsaya a ɗaukar kaya da sharar fili. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari, kuma ni a ganina dajin ma yana asara, don babu mai kare shi daga mafarauta kamar wanda ya ga abincinsa a ciki.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa baƙi za su riƙe gari har abada. Misalin yana nan ƙarshen Soundview Avenue, a Clason Point, inda kuke hawa jirgin ruwa zuwa Manhattan. A farkon ƙarnin da ya wuce wurin shaƙatawa ne na ji da gani: wuraren ninƙaya, da lilo, da gidajen rawa, jama'a na tsallakowa ta jirgin fito daga Queens. Ruwan ya gurɓace, tattalin arziki ya karye, aka buɗe gadar Whitestone a 1939, jirgin fito ya daina zuwa, kasuwa ta watse. Sai a 2018 jirgin ruwa ya dawo unguwar. Mu ma mun ga irin haka a gida: da labarin rashin tsaro ya bazu, ko annoba ta rufe hanya kamar a 2020, baƙi kan ɗauke ƙafa, mai sayar da zuma a bakin titi ya wuni bai yi ciniki ba. Yaron da ya iya karatu da lissafi yana da abin yi ko motocin sun zo ko ba su zo ba.

Alhamdu lillahi, ginin makarantar ya tsaya. Mutanen gari suka yi aikin gayya, matasa suka buga bulo, mata suka ɗebo ruwa a ka, hukuma ta kawo kwano da kujeru, ku kuma kuka aika abin da ya sawwaƙa. Kun ga hotunan a WhatsApp: fenti sabo, tuta a tsakar fili, tsohon ƙarfen tayar mota rataye a jikin darbejiya a matsayin ƙararrawa.

Yanzu ga maganar da na zo da ita, kuma ina roƙon manyanmu su yi mini uzuri in ta yi ɗaci. Gini shi ne mai sauƙi. Duk wanda ya bi ƙauyukan Arewa ya ga ajujuwa masu kyau da awaki ke kwana a ciki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro a Najeriya, amma doka ba ta shiga aji ta ɗauki alli. Malami ne ke yi. Malamin da aka turo ƙauye irin namu kuwa, iyalinsa suna birni, ba shi da ɗakin kwana a garin, kullum a kan babur yake. Da rani yakan iso rana ta take. Da damina in rafi ya cika sai ya tsaya a wancan ƙetare ya juya, kuma babu mai ganin laifinsa. Yara su zauna su gaji, uba ya leƙo ya ga ba kowa, gobe ya ce wa ɗansa ya bi shanu. Haka makarantu ke mutuwa, ba tare da an taɓa rufe su ba.

Saboda haka kwamitinmu ya yanke cewa kuɗin wannan asusu ba za su tafi ga katanga ko babbar ƙofa mai ɗauke da sunayenmu ba. Na san wasu sun so hakan. Abu na farko gidan malamai ne a jikin makaranta, mai wutar sola, inda mutum zai kawo matarsa da 'ya'yansa ba tare da jin kunya ba. Sai rijiyar burtsatse da makewayi na 'yan mata daban, don yarinya in ta fara girma ba ta zama inda babu sutura, kuma ba za ta faɗa wa kowa dalili ba, sai dai a ga ta daina zuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne ɗaukar nauyin 'ya'yan garin, musamman mata, su je kwalejin ilimi a Kangere ko Azare su samo takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, bisa alkawarin su dawo su koyar a gida. Malamar da mahaifiyarta ke bayan masallaci rafi ba ya tare ta. Kuma uban da ke ɗari-ɗari da boko, in ya ga 'yar maƙwabcinsa ce riƙe da alli, da hijabinta, ta san a tashi da wuri ranar Juma'a, ta san yaron da ke gyangyaɗi a gona ya kwana ba lalaci ba ne, hankalinsa zai kwanta. Makarantar allo tana nan da asuba da dare kamar yadda muka gada. Malamanmu na gida sun sa albarka, su ne ma suka yi addu'ar aza harsashi.

'Yan'uwa, 'ya'yanmu a nan suna shiga makarantar gwamnati kyauta tun suna shekara huɗu, kuma tun 2017 kowane ɗalibin makarantar gwamnati a birnin nan yana cin abincin rana ba ko sisi. Waɗancan na gida jininsu ɗaya da waɗannan. Nan kusa da mu, a Wheeler Avenue, aka harbe Amadou Diallo ɗan ƙasar Gini ranar 4 ga Fabrairu 1999, yana da shekara 23, yana tara kuɗin shiga kwaleji daga ɗan tallan da yake yi a titi. Mahaifiyarsa, Kadiatou Diallo, ta kafa gidauniya da sunansa tana biya wa ɗalibai kuɗin karatu. Allah ya jiƙansa, ya ba ta lada. In wadda aka yi wa wannan rashi ta iya haka, mu da muke cikin rufin asiri ba mu da hanzari.

Ba a raina kaɗan. Wanda zai iya dala ashirin duk wata ya fi mana wanda zai yi alkawarin dubu a gaban lasifika mu neme shi mu rasa. Iyayenmu mata sun riga sun ware kwasa guda daga adashensu, Allah ya ƙara buɗi. Mutum uku ne za su sa hannu kafin a fitar da ko kwabo, ɗaya daga cikinsu mace, kuma duk bayan wata uku ma'aji zai karanta abin da ya shiga da abin da ya fita bayan sallar Juma'a, da rasit a hannu. Wanda ya ga ba daidai ba ya tambaya a fili, ba zai zama rashin kunya ba.

Da sunan Allah, a madadin dattawan garinmu na gida da na nan, na ƙaddamar da wannan asusu. Ma'aji da sakatare suna teburin bakin ƙofa da littafi. Ina roƙon babban limami ya taso ya yi mana addu'a, daga nan uban taro ya buɗe mana da nasa.